Takalmin gudu da gwiwar ɗan wasa: amfanin binciken motsin jiki

Ran 12 ga watan Oktoba na shekarar 1919 da ɗari, wato 2019, a birnin Biyana na ƙasar Otiriya, Eliud Kipchoge, mutumin Kenya, ya yi gudun kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Ba a rubuta wannan gudu cikin kundin bajinta ba, amma ya tayar da gardama a kan takalmin da ke ƙafarsa.

Tun a shekarar 2017 masanan jami'ar Kolorado ta Amurka suka auna irin wannan takalmi na kamfanin Nike, mai soso mai kauri da faranti mai tauri a tafinsa. Sun gano cewa yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kashi 4 bisa 100. Saboda haka, a watan Janairu na 2020, hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin gudun hanya a milimita 40, da faranti ɗaya tak. Kuɗinsa kuwa, sa'ad da ya fito, dalar Amurka 250 ne, abin da ya fi ƙarfin yawancin samari.

To, amma ilimin motsin jiki ya haifar da wani abu wanda ba ya bukatar kuɗi. Likitocin wasanni sun lura cewa jijiyar gwiwa takan tsinke ne idan ɗan wasa ya diro daga tsalle, ko ya juya da sauri, gwiwar ta karkata ciki. A kan wannan ne hukumar FIFA ta fitar da tsarin ɗumama jiki mai suna 11+ a shekarar 2006: minti 20 na gudu, da ƙarfafa cinya da ƙugu, da tsayuwa bisa ƙafa ɗaya, da koyon dira gwiwa na saitin yatsun ƙafa. Gwajin da aka yi a Norwe, wanda aka bayyana a 2008, kan ƴan mata 1892, ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Legas ta Najeriya, a 2014, ragin ya kai kashi 41 bisa 100 tsakanin samari ƴan ƙwallo.

Nan ne darasin yake ga ƙasar Nijar. Yaron da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a filin ƙwallo na Maraɗi ko Damagaram yakan yi watanni ba wasa, wani lokaci ba noma, kuma aikin tiyata na da tsada. Ya kamata magabatan ma'aikatar matasa da wasanni su sa wannan tsari cikin horon malaman motsa jiki, a kuma fassara shi cikin harsunan ƙasa domin masu koyar da ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye. Rigakafi ya fi magani.