Fitilar Titinku Ta Mutu: Uwargida, Wa Kika Faɗa Wa?

Yau zancenmu zai ɗan fita daga cikin gida zuwa bakin titi, amma ki yi haƙuri da ni, domin a ƙarshe cikin gidan zai dawo.

Wata maƙwabciyata tana da ɗa matashi da ke aikin dare a wani kamfanin leda. Kullum ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar buɗe ƙofa. Ranar da abin ya faru, ya sauka daga adaidaita sahu, saura 'yan taku kaɗan ya shiga layinsu, wasu suka fito daga duhu suka tare shi da wuƙa. Suka karɓe wayar, suka bar masa yanka a hannu. Allah ya taƙaita. Da na je jaje na tambaye ta tun yaushe fitilar wannan kwanar ta daina kamawa. Ta ce ai an fi wata biyar. Na ce an sanar da wani? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa za a faɗa wa?"

Tambayar nan tata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Idan kina zaune kusa da Sharada, Challawa ko Bompai, kin san waɗannan unguwannin ba kamar sauran ba ne. Da rana cike suke da manyan motoci da ma'aikata da masu abinci. Da dare kuwa sai dogayen katangu, da rumbunan ajiya a kulle, da kamfanonin da suka daina aiki tun tuni. Za ka yi tafiya mai nisa babu shago ko mai shayi, babu gidan da haskensa zai faɗo kan hanya. A irin wannan wuri, fitila ɗaya idan ta mutu, duhun da take bari ya fi na cikin gari yawa. Kuma masu bin hanyar namu ne: maigida da ya tashi daga aiki, ɗanki mai koyon sana'a, 'yar'uwarki mai tsintar riɗi ko zoɓo da ta yi yamma, yarinyar da ke dawowa daga Islamiyya bayan magariba. Ga ramuka, ga kwalbatin da ba shi da murfi, ga tirelar da aka ajiye a gefen titi babu alama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, alhakin wa ne? Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa fitilun titi a cikin abubuwan da ƙaramar hukuma za ta samar ta kuma kula da su, tare da tituna da magudanan ruwa. Ke nan ƙorafinki ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Mazaɓar Sharada tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, Challawa tana Kumbotso, Bompai kuma tana Nasarawa. Sai dai manyan titunan birni galibi gwamnatin jiha ce ta sa musu fitilu, don haka takardarsu wajen gwamnatin jiha take zuwa. Mutane da yawa suna ɗauka KEDCO ce mai fitilar titi. Aikin KEDCO rarraba wuta ne. Ita ake kira idan waya ta tsinke ko taransifoma ta samu matsala, amma sauya ƙwan fitila na wanda ya kafa ta ne.

Kafin a kai ƙara, a san abin da za a faɗa. Da rana ki sa wani babba a gidan ya duba. Fitila ɗaya ce ta mutu ko layin gaba ɗaya? Idan ɗaya ce, mai yiwuwa ƙwai ne ya ƙone. Idan duka ne, matsalar daga inda wutar ke fitowa take, ko an sace waya, ko injin da ke ba su wuta ya tsaya. Idan mai amfani da hasken rana ce, tana kamawa da magariba ta mutu kafin tsakar dare, to ko baturin ya yi rauni, ko ƙurar hunturu ta rufe farantin. A ƙirga turakun da abin ya shafa, a rubuta lamba idan akwai a jiki, a faɗi wata alama da kowa ya sani, kamar masallaci ko gidan mai. A ɗauki hoto da rana, a ɗauki wani da dare daga wurin da babu haɗari. Wayar da kike karanta wannan da ita ta isa.

Sai kuma hanyar da za a bi. Ki fara da maigida, ya kai wa mai unguwa da kansilan mazaɓarku. Amma kada a tsaya a maganar baki, domin baki mantuwa gare shi. A rubuta takarda gajeriya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun sashen ayyuka: ga sunan titi, ga adadin fitilu, ga ranar da suka mutu, ga abin da ya faru a dalilin duhun. A yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya tambarin karɓa da kwanan wata, ku riƙe a gida. Wannan kwafin shi ne makaminku idan aka koma bayan mako biyu aka ce ba a ga komai ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar da gidaje talatin suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ke kin fi kowa sanin inda mata ke haɗuwa: wurin adashi, makarantar matan aure, gidan suna. Ki ɗauko maganar a can. Kada a manta da kamfanin da fitilar ke ƙofarsa. Ma'aikatansa ne ke bin hanyar, kuma masu masana'antu suna da ƙungiyarsu ta MAN wadda muryarta ke kaiwa nesa. Idan an bi duk wannan aka ji shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jihar Kano. Akwai kuma gidajen rediyo. Ai Freedom Radio ma a Sharada take, kuma kowa ya san shirin Inda Ranka.

Abu ɗaya kuma da ba ya jiran takarda: idan kika ga waya a tsirara a gindin turke, ko murfin akwatinsa a buɗe, musamman da damina, ki ja kunnen yara kada su kusance shi, ko su jingina, ko su taka ruwan da ya taru a wurin. A sanar nan take. Kada a bar wani matashi ya hau da sunan zai gyara.

Na san abin da za ki ce: an sha kai kuka ba a share hawaye ba. Gaskiya ne, wani lokaci sai an yi ta sintiri. Amma ki tuna, a Challawa ne aka ƙaddamar da tashar wutar hasken rana mai megawat 10 a watan Janairun 2023. Unguwar da ke samar da wuta ba ta cancanci 'ya'yanta su riƙa lalube a duhu ba. Kuma idan an gyara, mu ma da namu nauyin: wanda ya ga ana kwance baturi ko yanke waya ya yi shiru, ya taya ɓarawo aiki.

Maƙwabciyata dai sun rubuta tasu takardar, ɗan nata ne ya kai da hannunsa mai bandeji. Yau da magariba ki leƙa titinku ki ƙirga fitilun da ba su kama ba, sannan ki faɗa mana nawa kika samu da kuma wanda kika sanar. Allah ya tsare mana iyalanmu a fita da dawowa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.