Mu Kafa Kusurwar Kasuwanci a Makarantarmu



Tun daga aji ɗaya ake koya mana darasin kasuwanci. A ciki muke sanin uwar kuɗi da riba da faɗuwa, da yadda ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan darasi yana cikin jarrabawar BECE da ke jiranmu a aji uku. Amma mu 'yan kulob ɗin jarida muna ganin abin da muke kwafa daga allo kaɗai ba zai ishe mu ba. Muna buƙatar wurin karatu da bincike.

Manya ma da littafi suke koyon kasuwanci. A shekarar 2018 Alhaji Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ginin makarantar koyon kasuwanci, kuma har da ɗakin karatu a cikinsa. A birnin Kano akwai babban Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. A Wudil, nan kusa da mu, akwai jami'ar kimiyya da fasaha mai nata laburaren. To, idan 'yan jami'a ba su wuce buɗe littafi ba, ina ga mu?

Sai dai daga Gafasa zuwa Kano akwai tafiya, kuɗin mota kuma ba wasa ba ne. Shi ya sa muke kawo shawarar a ware mana kanta ɗaya a makaranta, mu kira ta Kusurwar Kasuwanci. Yayyenmu da suka gama aji uku su bar mana littattafansu. Malamai su riƙa ajiye mana jaridun da suka karanta da tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne littafin da za mu rubuta da hannunmu. Kowane mako ɗalibai biyu su tambayo farashin kwanon gero da dawa da wake da gyaɗa, a rubuta tare da kwanan wata. Masu 'yan uwa da ke cin kasuwar Gaya ko Ajingi su kawo na can. Kowa ya san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada idan damina ta kama. Amma nawa ne bambancin? Iyayenmu da yawa suna sayarwa da kaka saboda lalura, su dawo suna saye da tsada. Idan muka cika shekara muna rubutawa, za mu nuna musu lissafin a fili, su san ko buhu nawa ya kamata su riƙe.

Wani zai ce littattafan za su ɓace, ko gara ta cinye su. Maganin wannan shi ne kwado da rajistar aro, a kuma ɗaga kantar daga ƙasa. Riƙe rajistar ma ai darasin kasuwanci ne.

Muna roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ba mu kanta da babban littafi guda ɗaya. Sauran aikin namu ne. Da yayyafi kogi kan cika. Duk mai son shiga ya ba da sunansa ga sakataren kulob kafin ranar Alhamis.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.