Ɗalibar Aikin Haƙori Da Kallon Bidiyo

Kwanan baya wani maƙwabcina ya kawo mini ƙarar 'yarsa mai karatun likitan haƙori a Kumasi. Wai duk kuɗin da ya aika mata a sayen data suke ƙarewa, kullum idonta na kan YouTube. Na ce masa, Alhaji, a bi a hankali.

Bakin mutum wuri ne matsattse, ga duhu. Idan malami yana cike ramin turmi, wato haƙorin tauna na can ciki, ɗalibai goma sun kewaye shi, da ƙyar biyu za su ga abin da yake yi, sauran ƙeyarsa suke kallo. Kyamara kuwa har cikin bakin take leƙawa. Ɗaliba ta ga yadda ake riƙe ƙarfe da inda allurar kashe zafi ke shiga, ta tsayar, ta mayar baya sau ashirin, ba mai yi mata tsawa. Nan kam gani ya kori ji.

Amma fa akwai abin da allo ba ya koyarwa. Ruɓaɓɓen wuri a haƙori laushi gare shi, lafiyayye kuma tauri, kuma yatsu ne ke gane bambancin. In hannu ya zarce kaɗan da injin, sai a huda har jijiya. Haƙoran sama kuma ta ɗan madubi ake aikinsu, sai hannu ya saba. Shi ya sa makarantu ke fara ɗalibai da kan mutum-mutumi mai haƙoran roba kafin a ba su majinyaci. A 2020, da cutar korona ta rufe makarantu, lacca ta koma intanet, amma aikin hannu sai da ya jira aka buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne, kowa na iya ɗora bidiyo. Wani na jami'a ne, wani tallar kamfani ce, wani kuma ɗan koyo ne ke nuna gwaninta. Yawan masu kallo ba shaidar inganci ba ce.

Don haka na ce Alhaji kada ya yanke kuɗin. Ya dai tambaye ta ko malamanta ne suka nuna mata waɗanda za ta kalla, da kuma awa nawa take yi a ɗakin gwaji kowane mako. Ya ce zai buga mata waya ranar Juma'a.