Jin Hausa bai mai da kai ɗan Gashuwa ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman sababbin shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da na kwalejin Nguru, har da 'yan bautar ƙasa da aka turo wannan yankin. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara jifa.

Maganata ɗaya ce. Da yawanmu da muke tahowa daga Kano, Katsina, Jigawa, Bauchi ko Kaduna, sai mu yi shekara huɗu a garin nan mu karɓi takardarmu mu tafi, ba mu taɓa shiga garin ba. Daga ɗaki sai lakca, daga lakca sai wajen mai shayi, sai tasha ranar hutu. Kuma a ganina abin da ke ruɗarmu shi ne Hausa. Ka sauka a tasha, ɗan acaɓa ya yi maka Hausa, mai gidan haya ya yi maka Hausa, liman ya fassara huɗuba da Hausa, shi ke nan sai ka ɗauka gida ka zo, babu wani abin da ya rage ka koya. Alhali kuwa baƙo ne kai, baƙo sosai ma.

Bari in kawo misali daga nesa. Ɗauki Ba'amurke da ya samu gurbin karatu a Oksfod ta Ingila. Turanci harshen uwarsa ne, don haka a jirgi ma gani yake ya gama da komai. Yana sauka sai ya tarar motoci ta hannun hagu suke bi, in ya duba titi yadda ya saba kafin ya tsallaka, sai mota ta kwashe shi. A ce masa ofishin yana hawa na farko, ya tsaya yana dube-dube a ƙasa, don a Amurka ƙasan shi ne hawa na farko, a Ingila kuwa sai ka taka bene. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. In ciwo ya kama shi, ba katin inshora zai zaro ba, sai ya fara yin rajista da likitan unguwa. Ko kalmar da yake kiran ƙwallo da ita, wani wasa daban take nufi a can. Harshe ɗaya, rayuwa biyu. Wanda ya gane haka da wuri shi ke jin daɗin zama. Wanda ya dage a kan cewa ai duk Turanci ne, shi ke ƙarewa a ɗaki yana ƙorafi a waya: abincinsu ba daɗi, mutanensu ba fara'a, ruwan sama ba ya ɗaukewa.

To wallahi haka muke a Gashuwa da Nguru, sai dai mu ƙorafinmu zafi ne da sauro da nisa.

Gashuwa garin Badawa ne. Suna da harshensu, Badanci, mai karori daban-daban, ga kuma Duwai a gefe. Suna da masarautarsu, sarkinsu Mai Bade ake ce masa, kuma tsohuwar hedikwatarsu Gogaram ce, birni mai ganuwa, kafin fada ta dawo Gashuwa. Har yanzu a can ake yin bikin kamun kifi na Bade. Nguru kuma ƙasar Mangawa ce, reshen Barebari, kuma nan ne Galadiman Barno ya zauna yana tsaron yammacin daular. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, nan ya tuƙe, kuma shi ya jawo fatake da 'yan ƙwadago daga ko'ina, ana lodin gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Irin wannan cuɗanya ce ta ƙara wa Hausa ƙarfi a kasuwa da titi. Ma'ana, Hausar da ake yi maka sauƙi ne aka yi maka. Da ka juya baya, tsohuwar da ta sayar maka da kuka za ta koma wa jikarta da wani harshe. Ka taɓa tambayar kanka me take cewa?

Na san abin da wasu za su ce: mu karatu ya kawo mu, ba yawon gari ba. Wasu ma har cewa suke an jefo su gidan yari. Wannan kalmar tana da tarihi. A 1989 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta tsare lauya Gani Fawehinmi a kurkukun Gashuwa, kuma tun daga nan sunan garin ya zauna a bakin mutanen kudu a matsayin wurin horo. Abin takaicin shi ne mu 'yan arewa mun ari wannan kallon mun yafa. Wanda ya ɗauki kansa fursuna kuwa, aikinsa ƙirga kwanaki. Ba ya shuka komai, ba ya ƙulla komai, ba ya tambayar komai.

Ku kwatanta da wani Ba'amurke na gaske da ya zauna a nan. Sunansa Russell Schuh, masanin harsuna, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. Ya iya Hausa ƙwarai, har littattafan koyar da ita ya rubuta, don haka da ya so, da Hausar kaɗai ta ishe shi cefane da hira. Amma a shekarun 1970 ya zauna a Gashuwa yana nazarin Badanci a bakin masu shi. A 1981 ya fitar da ƙamus na harshen Ngizim na Potiskum. Bayan shekara 2000 ya sake dawowa Yobe, shi da Farfesa Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa masu jin harsunan, suka fitar da ƙamusoshin harsunan jihar, ciki har da Badanci. Ya rasu a 2016. A lokacin da ya fara zama a garin babu jami'a, babu wayar hannu, babu intanet, jihar Yobe kanta ba a ƙirƙire ta ba sai 1991. Zafin da muke kuka da shi, shi ma ya sha. Mutum ya tsallako teku ya koyi abin da mu, da muka taho a motar haya cikin yini ɗaya, ko gaisuwarsa ba mu iya ba. Wannan ba abin kunya ba ne, jama'a?

Kuma kada a ɗauka maganar ladabi ce kawai. Akwai asara a ciki, asara ta zahiri.

Ta farko a aljihunka da lafiyarka take. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Garin nan a bakin kogi yake, Komadugu Yobe, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ruwa ba ya tambayar wane ne ɗalibi. Ɗan gari ya san unguwar da ruwa ke kwanciya da damina, ya san gidan da katangarsa ke jiƙa, ya san rijiyar da ba a sha. Kai da ka zo a watan rani, kana ganin ɗaki mai arha da sabon fenti sai ka biya kuɗin shekara. Da kana da dattijo ɗaya a unguwa da kuke gaisawa, kalma ɗaya zai faɗa maka ta tsare maka kuɗinka da littattafanka. Haka maganar ciwon ƙoda, wanda kowa ya san ya addabi yankin Bade, har gwamnatin jiha ta sa masana bincike a kai. Wanda ke hulɗa da mutane shi zai ɗauki abin da muhimmanci, ya kula da ruwan da yake sha, ya daina haɗiyar maganin ciwon jiki barkatai, ya je a duba shi in ya ga alama.

Ta biyu a karatunka take, kuma wannan ita ta fi ci mini rai a matsayina na mai digiri na biyu. Duk shekara sai ka ga ɗalibai suna neman taken furojet kamar masu neman allura a rairayi, ƙarshe a kwafo wani aiki da aka yi a wata jihar a canza sunan gari. Alhali a bayan ɗakinka akwai dausayin Haɗeja da Nguru, wanda masana daga ƙasashen waje ke zuwa nazari. Tafkin Nguru yana cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya tun shekarar 2000. Madatsun ruwan Tiga da Challawa da ke Kano sun sauya yadda ruwa ke isowa nan, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi kowa na jin jiki. A Dagona tsuntsaye ke tahowa daga Turai duk lokacin sanyi, har Yarima Filip na Ingila ya zo kallonsu a 1989. Ga shinkafa 'yar Gashuwa, ga bandar kifi da ake lodi zuwa kudu, ga ƙaro, ga kaba, ga rairayin hamada da ke matsowa ta wajen Yusufari. Ɗan tattalin arziki, ɗan kimiyyar halittu, ɗan aikin gona, ɗan tarihi, ɗan harshe, kowa da rabonsa. Amma masunci ba zai buɗe maka cikinsa don ka miƙa masa takardar tambayoyi ba. Sai ya san fuskarka, ya san ka taɓa zuwa masa gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa.

Ta uku ta fi mu girma, don ta shafi jami'ar kanta. Jami'ar Gashuwa yarinya ce, a 2013 aka kafa ta tare da ta Gusau da ta Birnin Kebbi. Yanzu ne ake gina irin zaman da za a yi tsakaninta da gari, kuma mu ne masu ginin, ko mun sani ko ba mu sani ba. Oksfod ɗin da muke sha'awa ba ta fara da daɗi ba. Rikici tsakanin ɗalibai da mutanen gari ne ya kori wasu malamai daga can a 1209, suka je suka kafa Kambirij. A 1355 gardama tsakanin ɗalibai da mai gidan giya ta rikiɗe ta zama faɗan da aka kashe gomman mutane. Tushen abin raini ne: ɗalibi na ganin ɗan gari jahili, ɗan gari na ganin ɗalibi fitsararre mai kuɗi. Allah ya kiyaye, ba na fatan ko kusa da haka. Amma duk ranar da ɗayanmu ya ce wa ɗan acaɓa baƙauye, ko ya ƙure kiɗa a gidan haya ana sallar asuba, ko ya ɗauki hoton tallar yara ya sa a Facebook yana dariya, to ya ajiye bashi, kuma ƙannenmu ne za su biya.

Ban ce laifin duk namu ba ne. 'Yan uwana 'yan gari, ku ma a ji tsoron Allah. Akwai masu gidajen da da sun ji kalmar ɗalibi sai kuɗin haya ya tashi, ɗaki ba rufi mai kyau, banɗaki ɗaya mutum goma. Akwai masu yi wa ɗaliba mace kallon banza don kawai ta baro gidan iyayenta neman ilimi, alhali ita ce gobe za ta karɓi haihuwar matarka ko ta koyar da 'yarka. Yaron nan da kuke gani da jaka, wataƙila akuya uwarsa ta sayar ta biya masa rajista. Baƙon da aka cuta ba ya mantuwa, kuma shi zai je ya ba da labarin garinku a inda ƙafarku ba za ta taɓa zuwa ba. Na kuma yarda ba kowa ke da halin yawo ba. 'Yan uwanmu mata suna da iyakar da dole su kiyaye, aljihu ba nauyi, lakca ba ta barin mutum ya numfasa. Sai dai abin da nake kira a yi ba ya cin kuɗi.

Ga shi a taƙaice. Makon da ka tare, ka nemi mai unguwa ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da garinku. Ka riƙe masallaci ɗaya ko coci ɗaya har a san ka. Ka roƙi abokin ajinka Babade ko Bamange ya koya maka gaisuwa biyar da harshensu. Ko "wushe" kaɗai ka ce wa dattijon Nguru, ka ga yadda fuskarsa za ta sake. In an yi rasuwa a layinku ka je ka zauna, ko na minti goma ne. Ke kuma ki shiga wajen matar gidan ki gaishe ta, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke ita za ta dama miki kunu. Sau ɗaya kafin ka gama, ka je Gogaram ko Dagona, ka je Nguru ka ga inda dogo ya ƙare. Sannan mu da muke jin Hausa mu ja 'yan uwanmu na kudu a jiki. Su baƙuncinsu ninki biyu ne, mu ne tsaninsu. Ka raka shi kasuwa, ka yi masa ciniki, ka gaya masa abin da ba a yi.

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa sai in matafiyin ya buɗe ido. Takardar digiri iri ɗaya za a ba mu, da wanda ya san garin da wanda bai sani ba. Bambancin sai nan gaba zai fito, ranar da aiki ya kai ka wani wurin da ba a jin Hausar ma sam, ka ga waye ya iya zama da mutane.

'Yan Bade da 'yan Nguru da ke nan, ku taimaka ku rubuto mana gaisuwar safe da ta yamma da harshenku, da abu ɗaya da kuke so baƙo ya daina yi. Mu kuma mu karɓa ba tare da musu ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu rabu da garin nan lafiya, ana kewarmu.