Wa Zai Ciyar Da Gidan Ɗan Kwangila Ran Da Ya Kwanta?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu da ofisoshin gwamnati, wai mai zaman kansa ba ya bukatar inshorar jinya ko ta nakasa, tunda shi ya zaɓi 'yancinsa, ribarsa kuma shi kaɗai yake ci. In ka duba masu wannan magana, za ka tarar galibinsu masu albashi ne, ko masu jiran takardar kama aiki. Ai dole su faɗa! Ma'aikaci in ya kwanta, Dokar Ƙwadago ta ba shi har kwana 12 na jinya a shekara, ana biyansa. In kuwa a bakin aiki ya ji rauni, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF domin a biya shi diyya. To, magini da ya karɓi kwangilar katanga, da kafinta mai rufin kwano, da mai ja wayar lantarki, daga wane albashi za a cire nasu kason?

Kada wani ya ɗauka 'yan kwangila masu manyan riguna nake nufi. Waɗannan ko sun shekara a kwance, injinansu na tona hanya. Ina batun wanda jarinsa duka shi ne hannu biyu da ƙashin baya. Ran da tsani ya zame masa, ran nan kasuwarsa ta tashi. Mai gini zai ba wani aikin, wataƙila ma ya nemi a mayar masa da kafin alƙalaminsa.

Za a ce ai dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Haka ne, amma wannan kuɗin likita da magani take biya. Ba ta auna hatsi, ba ta biyan haya, alhali kuwa karayar cinya sai ta kwantar da mutum watanni. Ƙaramin tsarin fansho da aka buɗe wa masu sana'a a 2019 kuwa, tsufa ya dosa. Za a kuma ce zumunci yana nan. Yana nan, ba mu musa ba. Dangi za su ɗauki nauyin mako guda, su daure su ɗauki na wata, amma wane ɗan'uwa ne, shi ma da nasa iyalin, zai ciyar da gidan mai shanyewar ƙafa shekara ashirin? Mai shakkar halaccin inshora kuwa, tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, saboda haka wannan uzuri ya kau.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Holan, inda kamfanonin inshora ke tsawwala wa masu zaman kansu, tun 2006 wasunsu suka fara haɗuwa rukuni-rukuni, mutum 20 zuwa 50, kowa yana ajiye wani abu duk wata, wanda ya kwanta a tallafa masa har shekara biyu. Abin mamaki, mu da muka gaji adashi kaka da kakanni, mun bar shi ga kayan ɗaki da ragon suna.

Ƙungiyoyin magina da na kafintoci sun riga sun iya karɓar kuɗin wata daga 'ya'yansu. A ba su doka da mai binciken lissafi, su kafa asusun jinya. Nakasa ta dindindin ta fi ƙarfin irin wannan asusu, sai a danƙa ta ga NSITF ko kamfanin takaful, kuma a wajabta, domin in an bar wa kowa zaɓi, mai jin ƙarfi ba zai shiga ba sai ya ga alamar ciwo. Ku kuma matasan ma'aikata da takardun kwangila ke bi ta teburinku, ku sa kuɗin wannan kariya a cikin farashin aiki, layi guda a fili, kamar yadda kuke sa na siminti da rodi.