Makarantun Lafiya: Masu Iko Da Yawa, Mai Kula Babu

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata makarantar firamare ta gwamnati a garin Lafiya, ko a Shabu, ko Kwandare, ko Assakio, ya tambayi mai wannan makaranta, amsa ɗaya zai samu: ta gwamnati ce. In ya ƙara tambaya cewa wace gwamnatin, to nan ne baki zai rarrabu. Hedimasta zai nuna ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Sakataren Ilmi zai nuna hukumar ilmin firamare ta Jihar Nasarawa, wadda aka fi sani da SUBEB. Ita kuwa sai ta nuna Abuja. Kafin a gama nune-nune, iskar bazara ta yaye kwanon aji, ruwan damina ya sauka a kan bencina.

Wannan magana ta shafi 'yan Lafiya mazauna Kurmi ƙwarai da gaske, watau masu fataucin doya da agushi a Mile 12, da mazauna Agege da Idi Araba, da na Sabon Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. Da yawa daga cikinsu sun bar iyali a gida, kuma 'ya'yansu da ƙannensu ne ke zaune a waɗannan azuzuwa. Suna aika kuɗin abinci da na ɗinkin Salla, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar wanda ke riƙe da makarantar da yaran ke wuni a ciki.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka yi iko ya rarrabu haka. A zamanin En'e, makarantar elemantare tana ƙarƙashin hukumar gargajiya, baitulmalin En'e ke biyan malamai, dagaci da mai unguwa su ke bin sawun yaron da ya gudu. Tsarin yana da nasa aibi, domin makarantun ba su da yawa kuma akan kai yaro bisa tilas, amma dai kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A shekarar 1976, lokacin da Lafiya ta koma cikin Jihar Filato bayan an raba Jihar Binuwai da Filato, abubuwa biyu suka zo tare: gyaran tsarin ƙananan hukumomi, wanda ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum, da kuma shirin UPE na ilmin firamare kyauta wanda Janar Obasanjo ya buɗe a watan Satumba. Yara suka cika makarantu fiye da lissafin da aka yi, aka rasa isassun malamai da azuzuwa.

Daga nan aka shiga jefa ilmin firamare daga wannan hannu zuwa wancan. A 1988 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa. A 1991 ta rushe ta, ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin baki ɗaya, albashin malamai ya riƙa maƙalewa a sassa da yawa na ƙasar nan. A 1993 aka sake dawo da hukumar. Ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni, jama'a suka yi ta kwararowa, garin ya faɗaɗa ta kowace fuska. A 1999 aka buɗe shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004.

Dokar nan ta 2004 ta ce ilmin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi ne. Ta ware kashi 2 daga cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, amma jiha ba za ta ɗauki kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa, Naira kan Naira. Ke nan kuɗin gini daga Abuja da jiha yake fitowa, kwangila a ofishin SUBEB ake bayarwa, albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙaramar hukuma ake cirewa. Malaman Jihar Nasarawa ba za su manta da shekarun da suka biyo bayan karyewar farashin mai ba, wajen 2016, lokacin da aka riƙa biyan ma'aikatan ƙananan hukumomi wani kaso na albashinsu maimakon cikakke. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai muhimmanci, amma ko da an bi shi sau da ƙafa, ba zai hana komawa gidan jiya irin na 1991 ba, muddin babu idon mutanen gari a kan yadda ake kashe kuɗin.

Ba za a ce gwamnatocin jihar ba su yi kome ba. A zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, daga 2011 zuwa 2019, an gina azuzuwa masu bene, an kuma kafa makarantar yara masu naƙasa a Lafiya wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2018. Sai dai fa gwamnati ta iya gini, ba ta iya riƙo ba. Ranar yanke ƙyalle kowa yana nan. Ranar da taga ta ɓalle, ko famfon rijiya ya lalace, ko malami ya yi mako bai leƙo aji ba, babu wanda zai taso daga ofis domin wannan. Aikin na kusa ne.

To, akwai ƙofar da hukuma da kanta ta buɗe wa na kusa, amma mutane da yawa ba su san da ita ba. Jim kaɗan bayan dokar 2004, Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na mutanen gari, wanda ake kira SBMC. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin a cikinsa akwai kujerar wakilin sarauta, da ta malaman addini, da ta mata, da ta masu sana'ar hannu, da ta tsofaffin ɗalibai, har ma da ta yaran makarantar kansu, namiji da mace. Aikinsa ya tsara abin da makaranta ke bukata, ya lura da zuwan malamai da yara, ya kai kuka ofishin ilmi. Hukumar UBEC ta tarayya ma tana da shirin ba irin waɗannan kwamitoci kuɗin ƙananan ayyuka, bisa sharaɗin mutanen gari su kawo nasu kason, ko da kuɗi ko da aikin hannu. Inda kwamiti ya zama suna a takarda kawai, hedimasta ya rubuta abokansa ya aika, to wannan dama ta wuce.

Babbar alamar makarantar da ba ta da mai kula ita ce mutuwar harkokin ɗalibai. Waɗanda suka yi makaranta a shekarun 1970 da 1980 suna tune da ƙungiyar muhawara, da kacici-kacici, da wasan kwaikwayo, da 'yan sikawut, da gonar makaranta, da gasar guje-guje tsakanin gidaje, da faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu. Wasu na ɗaukan waɗannan abubuwa wasa ne, alhali kuwa a nan yaro ke koyon tsayawa gaban jama'a ya yi magana, ya riƙe kuɗin ƙungiya ya ba da lissafi, ya sha kaye ya miƙa wa abokin karawarsa hannu. A gari irin Lafiya, inda Barebari da Gwandara da Alago da Eggon da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani ke zaune tare, Musulmi da Kirista, kuma inda rikicin ƙabilanci ya taɓa cin rayuka a ƙauyukan kewaye, filin ƙwallon makaranta yana daga cikin wurare ƙalilan da yaran nan ke zama 'yan gida ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma abin lura, waɗannan harkoki su ne mafi arha. Ƙwallo, da usur, da kofi, da irin shuka, da kuɗin motar kai yara gasa, ba su kai kuɗin ginin aji ɗaya ba.

Mazauna Kurmi sun ga misali da idonsu. Yammacin ƙasar nan ya fara ilmin firamare kyauta tun 1955 a ƙarƙashin Cif Awolowo, shekara 21 kafin UPE. A ƙasar Ibo kuwa, ƙungiyoyin 'yan gari mazauna Ikko da Kano da Jos su ne suka riƙa tara kuɗi suna gina makarantu a ƙauyukansu, suna biya wa yara masu ƙoƙari kuɗin karatu. Har yau tsofaffin ɗaliban makarantun Kudu suna komawa su gyara ɗakin karatu, su ba da kyaututtuka. Ba don sun fi kowa kuɗi ba ne. Sun ɗauka makarantar tasu ce.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Kowace ƙungiya ta 'yan Lafiya a Kurmi ta zaɓi makaranta ɗaya, wadda yawancin 'ya'yanta suka fito, ta nemi sanin ko kwamitinta yana raye, su wane ne a ciki, yaushe suka zauna. Ta naɗa amintacce a gida ya hau kujerar tsofaffin ɗalibai. Gudummawa ta shiga asusun kwamiti a banki, kada ta shiga aljihun mutum, kuma a karanta lissafi a gaban iyaye ƙarshen kowane zango, a aika wa na Kurmi hotonsa ta waya. A fara da abin da ake gani: gasar muhawara da ta ƙwallo tsakanin makarantun unguwanni, a sa ta lokacin da matafiya kan dawo gida. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da na kwalejin fasaha mai sunan marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai, suna iya koya wa ƙannensu muhawara da kacici-kacici in an gayyace su. Fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya baro Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019, tana da faɗa a ji. In ta umarci hakimai da masu unguwanni su riƙa halartar zaman kwamitoci, zaman zai yi armashi.

Wani zai ce ai wannan nauyin gwamnati ne, me ya sa talaka mai tura baro a kasuwa zai ɗauke mata? Maganarsa tana da kama hankali, kuma babu mai cewa jama'a su biya albashin malamai ko su gina bene. Hasali ma doka ta hana karɓar kuɗin makaranta, don haka kada a fake da sunan kwamiti a kori ɗan talaka saboda bai kawo gudummawa ba. Amma ƙungiyar da ta sa Nairarta a makaranta, ta san yawan malamai da yawan bencin da ke ciki, ita ce ke da bakin zuwa ofishin Sakataren Ilmi da na shugaban ƙaramar hukuma ta tambayi inda kason makarantar ya shiga. Wanda bai taɓa leƙa aji ba, kukansa a majalisar shayi yake ƙarewa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fatauci a Kurmi yana da ranar ƙarewa, kuma yaran da ke zaune a azuzuwan Lafiya yau su ne matafiyi zai tarar a asibiti, da kotu, da ofishin ƙaramar hukuma ranar da ya dawo. Wanda ya isa gida Sallar bana, bayan ya gaida iyaye ya ziyarci dangi, ya daure ya taka zuwa makarantar unguwarsu, ya nemi hedimasta, ya tambaye shi yaushe kwamiti zai zauna. Allah ya sa a dace, amin.