A JE A GA TSOFAFFIN MASALLATAI KAFIN KUƊINMU SU GAMA RUSHE SU

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na Sabo a Badun, da na Shagamu da Anacha da Fatakwal, maganar yau da ku take. A cikin hannuwan da ke rushe tsofaffin masallatan ƙasar Hausa har da naku, ko da yake da kyakkyawar niyya kuke yi.

Ga yadda abin ke gudana. Mutum ya tafi Kudu neman abinci, ya yi fataucin shanu ko goro ko canji, Allah Ya buɗa masa. Sai ya tuna da gida, ya aika da kuɗi wai a gyara masallacin unguwarsu. Kwamiti ya zauna, a kirawo ɗan kwangila, kafin Salla ta zagayo katafila ta baje ginin da kakanni suka yi da tubali da azara, an dasa bulo da kwano a gurbinsa. Ba mai tambayar shekarun ginin da aka rushe, ko wa ya gina shi, ko waɗanne malamai ne suka karantar a cikinsa. Shi kansa mai kuɗin, wataƙila rabonsa da shiga masallacin tun yana makarantar allo.

Ina aka samo ra'ayin cewa masallaci bai cika masallaci ba sai da siminti da ƙubba mai ƙyalli? Daga sababbin birane aka kwaso shi. A nan Abuja, wanda ya tashi daga unguwar Gudu ya doshi tsakiyar gari zai hangi Masallacin Ƙasa da hasumiyoyinsa huɗu, wanda aka gina a shekarar 1984. Gini ne mai kyau, ba mu ƙi ba. Amma Abuja birnin jiya ne: a 1976 aka yi dokar kafa shi, a 1991 gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a cikinsa. Sunan ma aro ne daga tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da gidansu na sarautar Zazzau ya baro Zariya a zamanin jihadi. Birnin da ya aro suna daga Zazzagawa, ta yaya zai zama shi ne ma'aunin da za a auna masallacin Zazzau da shi?

To, mu bi sunan zuwa tushensa. Masallacin Juma'a na Zariya da ke ƙofar fada an gina shi ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya. Da ƙasa da azarar giginya ya ɗaure bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kan manyan ginshiƙai masu zane, ba ƙarfe, ba siminti. Wani masanin gine-gine daga ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya auna ginin nan kamu-kamu, aka kuma yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wanda bai shiga masallacin nan kafin wannan rana ba, ya makara da ganinsa yadda yake.

Kano ma ta ɗanɗana. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, da doguwar hasumiyarsa, an kawar da shi a zamanin mulkin Turawa aka yi na yanzu, sai a hoto ake ganin na da. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Badalar da Sarki Gijimasu ya soma kusan shekara 900 da suka wuce, an yi ta cinta da gine-gine da haƙar ƙasa, hukuma na kallo.

Mun san abin da masu katafila za su ce. Za su ce ga shi ginin ƙasa ya kashe mutane a Zariya. Amsarmu ita ce, fadar Zazzau da kanta ta bayyana cewa an ga tsagewa a bango kwana guda kafin faɗuwar, kuma gini ba ya tsagewa a dare ɗaya. Ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan masu shi: a yi masa yaɓe kafin damina, a share indararo, a duba azara saboda gara, a shafe shi da makuba. In aka daina, ko aka liƙa masa siminti ya riƙe danshi a ciki, dole ya gaji. Ku da ke Ikko kun ga bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka mutu, alhali ko tubali ɗaya babu a jikinsa. Sakaci ne ke kisa, ko ginin na ƙasa ne ko na kankare.

Za su ce jama'a ta yi yawa, masallaci ya yi kaɗan. Gaskiya ne. Sai a nemi fili a gina sabo, a bar tsohon a tsaye ana salloli biyar da karatu a cikinsa. Mutanen Jenne a ƙasar Mali kowace shekara gari ke fitowa ya yaɓe babban masallacinsu na ƙasa wanda aka sake ginawa a 1907. Hasumiyar Agadas a Nijar, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba sai mun ƙetare iyaka ba ma: maƙwabtanku Musulmin Ikko sun riƙe masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, ba su ce ya tsufa a baje shi ba. Mu ne muka fi su kuɗi, ko mu ne muka fi su raina kakanni?

Wasu kuma za su ce ziyarar tsofaffin masallatai bidi'a ce. Ba mu ce a je neman tabarraki ko shafar bango ba. Cewa muka yi a je a gani da ido, a tambaya, a sani, domin abin da mutum bai sani ba, ba ya jin zafin rasa shi.

Saboda haka, in kun zo gida hutun Salla, ku ware yini guda. 'Ya'yanku da aka haifa a Kudu, waɗanda Yarbanci ko Turancin buroka ya fi Hausa zama a bakinsu, ku riƙe hannunsu. Bakatsine ya kai su hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, su ji yadda Katsina ta zama matattarar malamai. Bakano ya hau Dala da su, ya sauko ta Madabo inda Wangarawa suka kafa karatu, ya bi ta kasuwar Kurmi da Gidan Makama, waɗanda suka samo asali daga zamanin Muhammadu Rumfa, ya ƙare a marinar Ƙofar Mata. Bazazzagi ya nuna musu ganuwa da Ƙofar Doka da dutsen Kufena, ya faɗa musu ko wane ne Babban Gwani. Sa'an nan kowa ya shiga ƙaramin masallacin unguwarsu, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya zauna da liman ya ji tarihinsa.

In kuwa aka zo muku da takardar neman taimakon gyaran masallaci, kada ku sa hannu a aljihu sai kun yi tambaya uku: gyara za a yi ko rushewa, an nemi shawarar Sarkin Magina, kuma wa zai ɗauki nauyin yaɓe kowace shekara? Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su mai da wannan sharaɗi. Wakilanmu a majalisa kuma su tambayi hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, masallatai nawa ta rubuta a littafinta, kuma yaushe rabonta da duba su.

Kuɗin da ya isa ya hayo katafila ya isa ya biya magina goma su yi yaɓe. Allah Ya sa mu gane tun da sauran abin da za a tarar a tsaye.